Littattafan da suka zo mana a motar albasa



Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, kwanakin baya ina zaune a bakin rumfa aka turo wa wani maƙwabcinmu saƙo a waya da Hausa, ya miƙa wa ɗansa mai shekara kamar 13 ya karanta masa. Yaron ya yi ta in-ina, ƙarshe ya ce shi fa ba ya gane rubutun. Yaron nan yana karanta Turanci, yana karanta Yarbanci har da ɗige-ɗigen nan nasu na sama da ƙasa, amma harshen da uwarsa take yi masa faɗa da shi bai iya karanta shi ba. Ban yi masa dariya ba, domin ni ma haka nake har na shiga ƙaramar sakandare. Kuma littattafan soyayya ne suka fitar da ni, waɗannan dai da iyayenmu maza suke cewa suna lalata tarbiyya.

Ni haifaffen Sabo ne, unguwar da aka keɓe wa Hausawa a Ibadan tun 1916. Goro ne ya kawo kakana, shi kuma Baba ya koma harkar albasa da tumatir a kasuwar Sasa. A makarantar da na yi babu darasin Hausa, sai Yarbanci da Turanci. Littafin farko da na karanta wanda mutanen cikinsa suke da sunaye irin namu ma da Turanci aka rubuta shi, wato The Undesirable Element na Mohammed Sule, mutumin Kano, wanda ya fito a 1977 cikin jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan. Wani abokina Bayarabe ne ya ara mini, bangonsa duk ya cire. Na yi mamaki ƙwarai, don a lokacin na ɗauka mu ba a saka mu a littafi.

To ashe a ƙarƙashin gadon Umma akwai wata tsohuwar adaka cike da littattafai. Tun tana amarya take tara su. Direbobin da suke sauko wa Baba da albasa daga Arewa su ne take ba sautu ta hannun yaran gida, su sayo mata a Kano, a tura su a bayan kujerar direba. Shi ya sa har yau in na ji warin albasar da ta kwana a buhu sai na tuna da su. Dalilin ɓoye su kuwa, a 2007 Baba ya ji a rediyo cewa a Kano hukumar A Daidaita Sahu, ta zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, ta tara irin waɗannan littattafai a wata makarantar 'yan mata an cinna musu wuta. Yana shigowa gida ya ce, "Tunda a can inda ake rubuta su ma an ƙone su, ban ga abin da za su zauna yi a gidana ba." Umma ta ce, "To Alhaji." Ta fitar da guda biyar da suka yage ta ba shi, sauran ta shimfiɗa zannuwa a kansu.

Yayata ce ta buɗe mini adakar a wajen 2011. Ita ta zaunar da ni tana nuna mini baƙi da yatsa. Wahalar da na sha ita ce yawancin littattafan ba su da lanƙwasar nan ta ƙ da ɗ da ɓ, saboda injinan da aka buga su ba su da ita, sai ka ga kalma ka rasa ƙasa ake nufi ko kasa, ɗaki ko daki. Sai na ruga madafi in tambayi Umma, ita kuma ta ce in karanto jimlar gaba ɗaya tukuna.

Daga baya ne, da na fara bin tarihin abin, na gane cewa adakar Umma wani yanki ne na doguwar tafiya. Rubutun ƙagaggun labarai da boko ya samo asali ne daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Waɗannan na makaranta ne, hukuma ta buga, hukuma ta raba. Haka aka yi ta tafiya a hannun hukuma da kamfanin NNPC na Zariya har zuwa 1980, lokacin da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed ya fito ta hanyar wata gasar, wadda ita ce mace ta farko da aka buga wa irin wannan littafi da Hausa.

Abin da ya sauya lissafi abu biyu ne suka haɗu. A 1976 aka fara shirin UPE na ilimin firamare kyauta, a Kano kuma gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, sai ga dubban matasa da matan aure sun iya karatun boko da Hausa, amma babu abin karantawa sai Magana Jari Ce da aka riga aka haddace. Sannan a 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka tattara suka koma kan littattafan makaranta da suka tabbata za a saya. Ga masu karatu, babu masu bugawa. Ni ɗan kasuwa ne, na san abin da ke faruwa in an bar giɓi irin wannan. Matasa suka riƙa rubutawa da hannu, su kai a buga musu da tafireta, su kai ƙananan maɗaba'u, su ɗauki kayansu da kansu su kai kasuwa. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed na 1984 yana cikin na farko-farko. Aka kafa ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama a Kano, inda su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan Azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu suke. Raba labari kashi ɗaya, kashi biyu, kashi uku ma dabarar jari ce: a sayar da na ɗaya, a buga na biyu da kuɗinsa. Mu da muke Ibadan mu ne muka fi shan wuyar wannan dabara, don sai ka kai inda yarinya ta tsaya a bakin rijiya, a ce maka a nemi littafi na biyu, alhali littafi na biyu yana can Kano, mota kuma sai bayan mako biyu.

Malaman jami'a ba su bar abin haka ba. Ibrahim Malumfashi ne ya laƙaba masa suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da 'yan ƙananan littattafan kasuwar Onitsha, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kuma suka tsaya wa marubutan, aka yi ta muhawara a jaridu a shekarun 1990. Ni dai sunan bai taɓa ɓata mini rai ba. A kasuwa aka ciyar da ni.

In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino shi na fara gamawa da kaina. Sumayya 'yar masu kuɗi tana son Muhammad talaka, a gida an ce sai mai kuɗi. Gaskiya ba soyayyar ce ta kama ni ba a lokacin, Hausar ce. Mu a Sabo Hausarmu ta cuɗanya da Yarbanci da Turancin buroka, in muka je Kano hutu 'yan uwa su yi ta kwaikwayon maganarmu suna ce mana 'yan Kurmi. Sai ga shi ina karanta yadda ake gaisuwa doguwa, yadda ake neman aure, yadda ake saka karin magana a tsakiyar zance. Na sami wani littafin rubutu na riƙa kwafe kalmomi. Har na taɓa zuba su a wata wasiƙa da na aika wa wata yarinyar layinmu, ta aiko ƙanenta ya ce mini wai ta ce in fassara mata. Wannan dai a bar shi.

Wanda ya girgiza ni shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat, na 1990. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne, yana fantamawa a waje, a gida kuma matarsa Rabi da 'ya'ya tara suna fama da cefane, ƙarshe ya auro wata ya kori Rabi, ta koma sayar da abinci tana riƙe yara, har ranar da gobara ta cinye masa shago. Ina karantawa ina jin kunya, saboda na san Alhaji Abdu. Ba Babanmu ba ne, Allah ya sani bai taɓa barin mu da yunwa ba, amma a cikin abokan cinikinsa zan iya nuna maka uku. Kuma sai a lokacin na fara lura da fuskar Umma in Baba ya ajiye kuɗin cefane ya fita, yadda take tsayawa tana juya su a hannu kafin ta kira ni aike. Shekara goma sha biyu ina gidan nan ban taɓa gani ba.

Kada mai karatu ya ɗauka littafi yana yin abin da ba ya yi. Yayata ta karanta Wa Zai Auri Jahila? ya fi sau uku, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta gudu, ta koma karatu. Ita ma tana aji ɗaya na babbar sakandare Baba ya ba da ita ga ɗan wani abokin kasuwancinsa. Umma ta yi iya ƙoƙarinta a bari ta gama, Baba ya ce ya riga ya yi magana. Ba ta gudu ba, ba ta faɗa rijiya ba, ta yi kuka aka kai ta. Tana can Kano da 'ya'ya huɗu, kuma zaman lafiya suke yi. Abin da na sani kawai shi ne ta sa sharaɗi a kan 'yarta ta fari tun tana goye, kuma yarinyar tana makaranta. Ranar da za a tafi da ita ta ce mini, "Ga adakar nan, ka kula da ita, ni can zan samu wasu."

Ina da ƙorafi a kan littattafan, ba zan ɓoye ba. Da yawansu kwaikwayon finafinan Indiya ne, ga kurakuran rubutu, ga saurayi kullum sai ya dawo daga Ingila da mota. Wanda ya fi ci mini rai shi ne, a duk abin da ke cikin adakar nan ban ga kaina ba. Ikko tana fitowa ne a matsayin inda attajiri ya tafi ɗauko kaya, ko inda yaro ya je ya lalace. Babu yaron da ya tashi yana jin kiran salla daga masallacin Sabo da gangar Yarabawa a lokaci guda, babu mai lissafin buhu da Yarbanci ya yi mafarki da Hausa. Fiye da shekara ɗari muna nan, ban ci karo da labarinmu ba.

Da na gama sakandare na koma rumfa wurin Baba, sai na kwashe yawancin littattafan a kwali na kai Sasa, na cusa bayan buhuna, ina karantawa in kasuwa ta yi sanyi. A watan Fabrairun 2021 rikicin nan ya tashi, wanda duk mun san shi, ba sai na tayar wa kowa da mikin ba. An rasa rayuka, an ƙone rumfuna da gidaje, tamu na ciki. A gaban asarar da mutane suka yi, kunya ta hana ni in ce wa kowa ina jimamin kwalin takardu. Umma kaɗai na gaya wa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wutar da na tsare su daga ita ce dai ta same su."

Yanzu kasuwar littafin takarda ta ja baya sosai. Marubutan sun koma WhatsApp da Wattpad, ana biyan kuɗi a shiga rukuni a riƙa samun shafi-shafi, wasu kuma ana karanta su a YouTube mutum ya saurara kawai. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, ta fito da sababbin marubuta mata. Ba sai an jira motar albasa ba. To amma sauraro ba ya koya wa yaro baƙi, kuma ba kowane abin da ke yawo a waya zan miƙa wa ɗan shekara 13 ba.

Littafi uku ne suka tsira, waɗanda na bari a gida. Na ba yaron maƙwabcin namu ɗaya da iznin babansa, yana zuwa bayan la'asar muna bi layi-layi, ya kai shafi na 19. Matsalar ita ce kashi na ɗaya ne, na biyun ya ƙone. Don haka duk wanda mahaifiyarsa ko yayarsa take da tsofaffin littattafan nan a adaka, a Agege ne ko Shagamu ko Abeokuta, ya taimaka ya bincika mana In Da So Da Ƙauna na biyu. Zan biya kuɗin mota, kuma in an gama za a mayar.