Daɓen Mota da Tsatsa: Tarihin Wani Gyara

Cikin sassan mota duka babu wanda ake mantawa da shi kamar fallen ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙafar direba da fasinja. Idan aka ce ƙasan mota, maganar ta haɗa har da salansa da duk abin da ke rataye a ƙarƙashi, saboda haka a wannan takarda an zaɓi a kira shi daɓen mota. Sunan yana da ɗan ruɗi. Daɓen ɗaki takawa kaɗai ake yi, ko ya farfashe bango na nan tsaye, amma na mota, tun daga shekarun 1930, yana cikin abubuwan da ke riƙe da motar. Yadda aka yi ya ɗauki wannan nauyi shi ne asalin wahalar da masu farfaɗo da tsofaffin motoci ke sha a kansa.

Motocin farko sun gaji ƙirar keken doki. Akwai dogayen ƙarafa biyu masu kauri shimfiɗe daga gaba zuwa baya, da waɗansu a gicciye, kamar tsani a kwance. A kan wannan tsani ake ɗora inji da bodi. Daɓen kuwa katako ne. Haka Ford Model T take, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927: in katakon ya ruɓe, kafinta ya yanko wani, motar ba ta san an yi ba.

Edward G. Budd na Philadelphia, wanda ya kafa kamfaninsa a 1912, shi ya yi fice wajen buga jikin mota da ƙarfe zalla, ana danna falle cikin mazubi ana haɗawa da walda. Daga nan injiniyoyin Turai suka ga tun da bodin ƙarfe yana da ƙarfin kansa, tsanin nan kaya ne kawai. Lancia Lambda ta 1922 ta fara nuna hanya a Italiya, Citroën Traction Avant ta biyo a Faransa cikin 1934, sai Opel Olympia a Jamus cikin 1935. Mota ta yi sauƙin nauyi, ta yi ƙasa-ƙasa, ta rage shan mai. Amma ƙarfinta ya koma ga falle wanda kaurinsa bai wuce milimita 1 da 'yan kai ba, an lanƙwasa shi an yi masa kwarkwaro da akwatuna rufaffu don ya yi tauri. Waɗannan akwatuna da bakin haɗi, inda falle ya hau kan falle, su ne maɓoyar ruwa, fenti kuma ba ya isa cikinsu.

Tsatsa ba ta bukatar komai sai ƙarfe da ruwa da iska. Ba ta kuma liƙewa ta kāre abin da ke ƙarƙashinta. Kumbura take yi tana ɓamɓarewa, tana riƙe damshi, ta ci gaba da ci. Gishiri yana gaggauta aikin ƙwarai. To, a daidai zamanin da aka miƙa wa daɓe nauyin mota, ƙasashe masu sanyi suka shiga watsa gishiri kan hanyoyi don narkar da ƙanƙara. Jihar New Hampshire ta Amurka ta mai da shi ƙa'ida a hunturun 1941 zuwa 1942, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma al'adar ta bazu a Amurka da Turai. Taya na watso ruwan gishiri daga ƙasa, ruwan sama na tsiyayowa ta robar gilashi ya kwanta ƙarƙashin shimfiɗa daga sama. Magani bai zo da wuri ba. A farkon shekarun 1960 Ford ya soma tsoma bodi cikin kwatarniyar fenti da taimakon lantarki, don fentin ya ratsa kowane lungu. Porsche ya fara shafe jikin 911 gaba ɗaya da tutiya, watau abin da ake shafa wa kwanon rufi, a 1975, Audi 80 ta 1986 ta kawo wannan ga motar talakawa. Motocin da aka ƙera tsakanin yaƙin da wannan lokaci su ne suka fi ruɓewa, su ne kuma akasarin waɗanda ake farfaɗowa.

Volkswagen Beetle ta fi kowace mota koyar da wannan gyara, domin ƙirar da Ferdinand Porsche ya yi mata a shekarun 1930 tsaka-tsaki ce. Ba ta da tsani, ba ta kuma zama dunƙule guda ba. Wani kwararo ne na ƙarfe mai kauri ya ratsa tsakiyarta kamar ƙashin baya, an manna masa falle biyu, dama da hagu, da ɗigon walda. Bodin kuma an ɗaure shi a gefen daɓen da notuna, da roba a tsakani. Ta na da raunuka biyu sanannu. Batir yana ƙarƙashin kujerar baya a ɓangaren dama, ruwansa kuwa in ya zuba cin ƙarfe yake yi, har akan sami batir ya huda daɓe ya faɗo. Na biyu, iska mai ɗumi daga inji tana bi ta bututun da ke ƙarƙashin ƙofofi, zufa na taruwa ciki, ya ruɓe daga ciki zuwa waje. Duk da haka an ƙera Beetle 21,529,464 kafin ta ƙarshe ta fito a Puebla ta Meziko ran 30 ga Yuli 2003. Wannan yawa ya sa buga sabon daɓenta ya zama sana'a mai zaman kanta, kuma da yake bodin kwancewa yake yi, mutum da abokansa 'yan kaɗan suna iya ɗaga shi su ajiye gefe.

Aikin kansa na haƙuri ne. Ana bin ɗigon waldan nan ɗaya bayan ɗaya ana hudawa, ba tare da an raunata leɓen kwararon tsakiya ba, a cire tsohon falle, a goge leɓen sai farin ƙarfe ya fito. Sabon falle da wuya ya zauna daidai tun farko. Sai an rage nan, an buga can, an gwada ramukan notuna da na bodi tun ba a kunna wuta ba. Sa'an nan a huda ƙananan ramuka a bakinsa, a cika kowanne da walda har ya kama leɓen. Ba a bin su a jere. Ɗigo nan, ɗigo can nesa, a bari ya huce, domin zafi in ya taru wuri guda falle murɗewa yake yi. A mota dunƙule, ko Beetle da bututun ƙofarta ya ruɓe, sai an tokare bakin ƙofofi da ƙarfe kafin a yanka, in ba haka ba bodin ya sāki, ƙofa ta ƙi rufuwa har abada. Mafi munin gyara shi ne a ɗora faci kan tsatsa a shafe da kwalta. Ido yana ganin lafiya, alhali an ƙara wa ruwa sabon maɓoya, kuma a wannan daɓe kujera take ɗaure.

Hukuma ma ta shigo cikin maganar. Biritaniya ta kafa gwajin lafiyar mota na shekara-shekara a 1960, daga baya ƙa'idarsa ta tanadi cewa ruɓewar da ta raunana ƙarfe cikin santimita 30 daga inda aka ɗaure sitiyari ko birki ko ɗamarar kujera ta isa kā da mota. Cikin 2018 aka ɗauke wa akasarin motocin da suka haura shekara 40 wannan gwaji, abin da ke da ɗan mamaki, tun da su ne aka ƙera kafin zuwan tutiya. A wajen Beetle akwai wata dabara ta ƙira da ta sauƙaƙa shari'a: lambar motar a kan kwararon tsakiya aka buga ta, ƙarƙashin kujerar baya. Ana iya sāke falle biyun, a sāke bodi ma, lambar tana nan inda take.

Nijeriya ta san Beetle sosai, domin an harhaɗa ta a Legas daga 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. A Arewa ba a watsa gishiri a hanya, rani kuma ya fi damina tsawo, saboda haka daɓe yakan daɗe. Abin da ke cinsa shi ne ruwan batir, da ruwan damina ko na wankin mota da ya kwana ƙarƙashin shimfiɗa. Tsatsar gishiri shigowa ta yi cikin motocin da aka gama mora a Turai, waɗanda ake saukewa a Kwatano da Legas. Irin wannan mota tana iya zuwa da fenti mai ƙyalli a sama da sabuwar kwalta a ƙasa, shi ya sa mai saye da ya san aiki yakan ɗaga shimfiɗa da kujerar baya, ya shiga ƙarƙashi da sukudireba yana tsokanar bakin kowane haɗi kafin a yi maganar kuɗi.