Abebe Bikila, Sojan Habasha Da Ya Ci Tsere Ba Takalmi

Ran Asabar, 10 ga watan Satumba, 1960, da la'asar sakaliya, 'yan tsere 69 daga ƙasashe 35 suka jeru a tsakiyar birnin Rum na ƙasar Italiya, suna jiran a buga bindiga su tashi. A cikinsu akwai wani siririn soja baƙi, mai lamba 11 a ƙirji, ba ko takalmi a ƙafarsa. Ba wanda ya kula da shi sai masu yi masa dariya. Kafin dare ya raba sunansa ya zaga duniya. Sunan sojan nan Abebe Bikila, mutumin Habasha. Tun daga ran nan a ke ta gardama a kan abin da ya yi, har yau kuwa gardamar ba ta ƙare ba.

Irin tseren da aka yi

Shekara huɗu huɗu ƙasashen duniya su kan taru a wani birni su gwada ƙarfi da zafin nama, ana kiran taron nan Wasannin Olimfik. An fara na wannan zamani a birnin Atina na ƙasar Girka cikin 1896. Tseren da ya fi kowane tsawo a cikinsu shi ne wanda a ke kira marato. Ya samo sunansa daga wani fili a Girka inda aka gwabza yaƙi shekara 490 kafin haihuwar Annabi Isa, aka ce wani manzo ya yiwo gudu daga can har Atina don ya kai bushara, yana isar da saƙo ya faɗi matacce. Tsawon tseren mil 26 ne da yadi 385, watau kilomita 42 da 'yan kai, kusan kamar daga Kano zuwa Wudil. Kuma da gudu a ke yinsa tun daga farko har ƙarshe, ba zama, ba hutawa.

Abin da ke tsakanin Habasha da Italiya

Ba a fahimtar labarin nan sai an koma baya kaɗan. A 1896 Italiya ta kai wa Habasha yaƙi, Sarki Menelik ya tare rundunarta a Adwa, ya fatattake ta. Abin nan ya daɗe yana cin Italiyawa a rai. Da Musolini ya sami mulki, ya ga ya yi ƙarfi, sai ya sake tura runduna ran 3 ga Oktoba, 1935, wannan karo da jiragen sama da motocin yaƙi, har da iska mai guba wadda dokar yaƙi ta haramta. Ran 5 ga Mayu, 1936, suka shiga Adis Ababa. Sarkin Habasha, Haile Selassie, ya tafi Jeniba ya kai kuka gaban Majalisar Ƙasashe ta wancan zamani, aka saurare shi, amma ba a yi masa maganin kome ba.

A 1937 Italiyawa suka ɗauke wani dogon dutse sassaƙaƙƙe daga tsohon birnin Aksum, tsawonsa mita 24, aikin kakannin Habashawa ne na shekaru aru aru. Suka kai shi Rum suka kafa a bakin hanya, don duk mai wucewa ya san sun ci ƙasar. Mulkinsu bai wuce shekara biyar ba. Cikin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Ingila da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta suka haɗu da mayaƙan Habasha suka kore su. Har da sojojin Nijeriya a wannan yaƙi, su ne suka bi ta Mogadishu suka nufi Harar a 1941. Sarki ya koma gadonsa ran 5 ga Mayu, 1941, amma dutsen nan ya zauna a Rum.

Asalin Abebe

An haifi Abebe Bikila ran 7 ga Agusta, 1932, a wani ƙauye mai suna Jato a lardin Shawa. Ubansa makiyayi ne, yana yaro ƙarami Italiyawa suka shiga ƙasarsu. Da ya kai shekara 20 sai ya tafi Adis Ababa ya shiga sojan da ke tsaron Sarki. A nan ne wani Bature mutumin Siwidin, mai suna Onni Niskanen, wanda gwamnati ta ɗauka don koya wa sojoji wasanni, ya lura da irin gudunsa, ya jawo shi ya shiga horar da shi.

Ƙasar kanta ma ta taimake shi. Adis Ababa tana bisa tudu ne, ta ɗara bakin teku da fiye da mita 2,300. A irin wannan tsawo iska ba ta da kauri, kowane numfashi kaɗan ya ke kai wa jiki. Saboda haka jikin wanda ya tashi a can ya kan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda su ke ɗaukar iska zuwa gaɓoɓi. In irin wannan mutum ya sauko ƙasa mai kwari kamar Rum, sai ya ga gudu ya yi masa sauƙi.

Daren da aka yi tseren

Da suka isa Rum, Abebe ya gwada sababbin takalma, ba su zauna masa daidai ba, har suka tayar masa da bororo. Da ma can a gida ya saba gudu ƙafa ba takalmi, tafin ƙafarsa ya yi kanta. Sai ya ajiye su, ya ce haka zai shiga.

Saboda zafin rana aka sa tseren da yamma. Tun ba a kai rabin hanya ba mutum biyu suka yi wa sauran fintinkau, Abebe da wani mutumin Maroko mai suna Rhadi ben Abdesselam. Duhu ya yi, suka hau wata tsohuwar hanya ta Rumawan dā wadda a ke kira Afiya, sojojin Italiya sun jeru dama da hauni riƙe da jiniya suna haskaka musu. Hanyar tseren kuwa ta bi ta gindin dutsen nan na Aksum har sau biyu, da tafiya da komowa. Kafaɗa da kafaɗa su ke tafe har aka kusa ƙarewa, sa'an nan Abebe ya ƙara mai, ya bar abokinsa a baya. Ya iso cikin awa 2 da minti 15 da sakan 16, Rhadi ya biyo shi bayan sakan 25. Kafin wannan dare ba a taɓa rubuta wanda ya yi marato da sauri haka ba. Wanda ke riƙe da kambin a lokacin, Sergei Popov na Rasha, shi ma yana cikin tseren, na biyar ya zo.

Abebe shi ne baƙar fata na farko daga wata ƙasar Afirka da ya ci lambar zinariya a Olimfik da sunan ƙasarsa. Abin kuma ya zo a kan gaɓa, gama a shekarar nan ta 1960 ƙasashe 17 na Afirka suka sami mulkin kai. Nijar ta sami nata ran 3 ga Agusta, Nijeriya kuwa ran 1 ga Oktoba, mako uku cif bayan tseren. Da ya koma gida aka yi masa gagarumar tarba, Sarki ya ba shi igiyar kofur.

Gardama ta fari: ramuwa ce ko wasa?

Waɗansu suka ce wannan ramuwar gayya ce. Musolini ya tara dubban sojoji kafin ya shiga Adis Ababa, ga soja guda, ba bindiga ba takalmi, ya ci Rum. Waɗansu kuma suka ce a'a, wasa wasa ne, kada a cusa masa siyasa, ai Italiyawan da ke bakin hanya tafi suka yi masa. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiya. Amma tarihi ya nuna raba wasa da siyasa yana da wuya. A wasannin nan na Rum, Afirka ta Kudu Turawa zalla ta aiko, saboda dokarta ta wariyar launin fata. Ƙasashe suka yi ta ƙorafi har aka hana ta zuwa wasannin 1964, ba ta sake shiga ba sai 1992.

Shi kansa Abebe siyasa ba ta ƙyale shi ba. A watan Disamba na 1960, Sarki yana ziyara a Birazil, shugaban sojan tsaronsa, Mengistu Neway, ya yi yunƙurin juyin mulki, abin bai yi nasara ba. Aka kama sojojin rundunar da yawa, har da Abebe aka tsare na ɗan lokaci, da aka ga ba hannunsa a ciki aka sake shi.

Gardama ta biyu: talauci ne ya hana shi takalmi?

Mutane da yawa a Turai da suka ga hotonsa sai suka ɗauka fatara ce, wai ƙasarsa ta kasa saya masa takalmi. Waɗansu kuma suka ce ai mutumin Afirka haka aka halicce shi, gudu a jininsa ya ke, ba ya bukatar koyo. Maganar nan ta biyu kamar yabo ce, amma raini ne a cikinta, don ta share wahalar da mutumin ya sha shekara da shekaru yana horo bisa tsari, da malami, da agogo.

Amsar ta zo a Tokiyo, babban birnin Japan, ran 21 ga Oktoba, 1964. Kwana 35 kafin tseren likita ya tsaga cikinsa ya yi masa aikin afendis, har ana zaton ba zai iya shiga ba. Ya shiga, wannan karo da safa da takalmi na kamfanin Puma. Ya gama cikin awa 2 da minti 12 da sakan 11, ya sake kafa sabon kambi na duniya. Wanda ya zo na biyu, Basil Heatley na Ingila, sai bayan minti huɗu ya iso, ya tarar Abebe yana ta motsa jiki a kan ciyawa kamar bai yi kome ba. Kafin shi ba wanda ya taɓa cin maraton Olimfik sau biyu. Da takalmi da ba takalmi duk ya ci, aka ga ashe abin a jikin mutumin ya ke. Aka ɗaga shi zuwa laftanan.

Ƙarshen rayuwarsa

A Meziko cikin 1968 ya shiga da ciwo a ƙashin ƙafa, ya fita tun ba a kai rabi ba, ɗan'uwansa soja Mamo Wolde ya ci wa Habasha zinariyar. A watan Maris na 1969 ya yi haɗari da motarsa ƙirar Volkswagen, ƙashin wuyansa ya taɓu, ƙafafun nan da suka ci Rum suka shanye. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila ya yi watanni. Da hannuwansa suka ɗan farfaɗo sai ya koyi harbi da baka daga kan keken guragu, har ya shiga gasar naƙasassu a 1970. Ya rasu a Adis Ababa ran 25 ga Oktoba, 1973, yana da shekara 41.

Gardama ta uku: mutum ke gudu ko takalmi?

Maganar takalmi ta sake tashi ta wata fuska bayan shekara hamsin da wani abu. A 2017 kamfanin Nike ya fito da wani takalmi mai kaurin ƙasa, an cusa masa soso mara nauyi da wani siririn faranti mai tauri. In mai gudu ya taka, soson ya lotsa ya komo, ya mayar masa da wani kashi na ƙarfin da ya zuba, sai gajiya ta yi jinkirin kama shi. Ran 12 ga Oktoba, 2019, Eliud Kipchoge na Kenya ya sa irin wannan takalmi a birnin Biyana, ya yi tsawon marato cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40. Ba a karɓi wannan a matsayin kambi ba, don ba gasa ba ce, an shirya masa masu kare masa iska suna canjin juna.

Nan fa aka rabu biyu. Masu suka suka ce in haka ne, gasar ta koma tsakanin masu ƙera takalma, wanda ba shi da kuɗin saye an zalunce shi tun ba a tashi ba. Masu goyon baya suka ce kayan aiki kullum gaba su ke ci, ba a komar da duniya baya, takalmi kuma ba ya gudu shi kaɗai. A watan Janairu na 2020 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta raba gardama da doka: kaurin ƙasan takalmin tseren hanya kada ya wuce milimita 40, faranti kuma kada ya wuce ɗaya. A 2023 wata 'yar Habasha, Tigist Assefa, ta yi marato a Barlin da irin sababbin takalman nan cikin awa 2 da minti 11 da sakan 53, watau ta fi Abebe na Tokiyo sauri da sakan 18. Ko nawa ne rabon takalmi a ciki, nawa ne na horo da abinci da shimfiɗaɗɗiyar hanya, wannan shi ne abin da masana ke ta aunawa.

Dutsen Aksum kuwa, tun a yarjejeniyar sulhu ta 1947 Italiya ta yi alkawarin mayar da kayan da ta kwaso daga Habasha, amma sai a 2005 aka ɗauke shi gunduwa uku cikin jirgin sama aka kai shi gida, aka sake kafa shi a 2008. A 2010 kuma, da Abebe ya cika shekara 50 da cin tserensa, wani ɗan Habasha mai suna Siraj Gena yana kan gaba a maraton birnin Rum, da ya kusa isa sai ya tsaya ya tuɓe takalmansa, ya ƙarasa ƙafa ba takalmi, ya kuwa ci.