Jinyar Miji da Mata a Kalmalo, Jiya da Yau

Kalmalo, wanda yake zaune a bakin tafkin da ake kira da sunansa, a ƙasar Illela, daura da Birnin Ƙonni, gari ne da iyakar Turawa ta ratsa ta kusa da shi ba tare da ta raba zumuncin mutanensa ba, kuma al'adarsa ta jinya ita ce ta sauran ƙasashen Gobir da Adar. A zamanin da, cuta ƙofa biyu gare ta, waraka ko ajali, kuma ba ta cika daɗewa ba ta bi ɗaya. Idan jiki ya yi nauyi wanzami ya yi ƙaho, idan saifa ta kumbura a yi tsaga ko sakiya, malami kuma ya ba da rubutu. Malaman jihadi ba su raina ilmin ɗibbu ba, domin Abdullahi ɗan Fodiyo da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello duk sun yi talifi a kansa, Nana Asma'u kuma ta wallafa Tabshirul Ikhwan a 1839 game da neman waraka da surorin Alƙur'ani.

Abin lura shi ne wanda jinyar take faɗa wa. Idan miji ne ya kwanta, matarsa ce mai dama kunu, mai wanki, mai raya dare a gefen tabarma, alhali ƙannensa suna riƙe masa gona. Amma idan matar ce ciwonta ya yi tsanani, sai a mayar da ita gidan iyayenta, miji ya riƙa zuwa gaisuwa da ɗan abin hasafi. Al'adar ba ta rasa madogara a fiƙihu ba, tun da Muhtasar na Shaihu Halil, wanda alƙalanmu suke hukunci da shi, bai sanya magani da ladan ƙaho cikin nafaƙar da ta wajaba a kan miji ba. Sai dai kuma malaman da suke karantar da wannan babi su ne suke ruwaito cewa Sayyidina Usman ɗan Affan bai halarci Badar ba saboda jinyar matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kuma aka ba shi ladan mahalarta da rabonsu. A ganina mazajenmu sun fi haddace mas'alar farko.

Da asibitin mishan na Galmi ya buɗe a 1950, sannan daga baya aka sami asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, sai jinya ta bar ɗaki ta koma baranda, inda mai jinya take kwana da buta da kwanon abinci.

Sankarar jini, musamman nau'in nan mai tafiyar hawainiya wanda yake sa ɓargo ya riƙa zubo fararen ƙwayoyin jini fiye da kima, ita ce ta zo da abin da al'adar ba ta tanada ba. Likitoci a Jamus da Birtaniya sun siffanta cutar tun 1845, kuma alamominta, wato kasala, da rama, da gumin dare, da kumburin saifa, suna kama da na zazzaɓin cizon sauro ƙwarai, har mutum yakan daɗe yana shan saiƙo kafin a ɗebi jininsa. A 2001 aka fito da ƙwayar Glivec, wadda ake sha kullum, ta mayar da cutar da take kashewa cikin 'yan shekaru ta zama wadda ake zama da ita. Daga 2003 kuma aka fara ba da ita kyauta a Nijeriya, amma a asibitin koyarwa na Ile-Ife, wanda daga bakin iyakar Illela sai an keta ƙasar kusan tsawonta kafin a isa.

To, majinyacin da ba ya kwance, ba ya kuma warkewa, wanda yake zuwa kasuwar Illela da ƙafarsa amma rayuwarsa tana rataye da sakamakon awon jini duk bayan 'yan watanni, ba a iya mayar da shi gidan iyaye shekara goma, maƙwabta kuma sukan gaji da cewa sannu. Nauyin sai ya tattaru a kan abokin zama: shi ne mai ajiye kati da takardun awo, mai tuna ranar komawa wurin likita, mai hana barin magani idan sauƙi ya samu ko azumi ya kama, mai sayar da tunkiya ko buhun albasa domin kuɗin mota. Mace takan ɗauki wannan ba a ce ta yi abin mamaki ba. Namijin da ya ɗauka kuwa, ya riƙa raka matarsa Sakkwato yana jiran layi da jakarta a hannu, har yanzu akwai majalisar da ake yi masa zunɗe.