Kajin tsakar gida a Sabo: daga akurkin kaka zuwa murar tsuntsaye

Sanyin bana ya fara shigowa, kuma tuni wasu gidaje a unguwa suka fara wayar gari da mushen kaji. Shi ya sa rubutun tarihi na wannan karon zai bar sarakuna da fatake ya leƙa akurki.

Tun da aka ware wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan a 1916, maza suka riƙe cinikin shanu da goro. Wannan kowa ya sani, har wani masani mai suna Abner Cohen ya yi littafi a kai. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dukiyar da ke bayan zaure. Matar da ke cikin kulle ba ta da garke, amma tana da kaji, kuma su ne asusunta. In yaro ya kwanta rashin lafiya a kama zakara a kai kasuwa. In baƙo ya sauka daga Arewa a yanka sagara. Dattawanmu sun ce a zamanin jirgin ƙasa da wuya mutum ya dawo daga ganin gida bai riƙo kwandon kaji ko zabi ba. Ku riƙe zancen kwandon nan, za mu dawo kansa.

Kazar Hausa ba ta neman komai wurin mai ita sai ɗan tsaki da dusa da wurin kwana. Idan ta fara kyarkyara tana leƙe-leƙen lungu, tsohuwa ta san ƙwai ya zo. Ita ke zaɓar wurinta, mai duhu, inda ƙafa ba ta yawa: bayan randa, ƙarƙashin gado, cikin fasasshiyar tukunya. In ka kwashe ƙwan duka sai ta sauya wuri, shi ya sa ake barin mata ɗaya. Ta tara goma ko sha biyu, wani lokaci sha biyar, sannan ta hau kwanci kwana 21, ba ta sauka sai ta ɗan ci ta sha ta yi birgima a ƙasa. Kakata takan barbaɗa toka a wurin kwancin saboda ƙuma, kuma ba ta yarda yaro ya taɓa ƙwan. Zabuwa kuwa ba uwar kirki ba ce, don haka kaza ake sa wa ƙwanta, ta haƙura har kusan kwana 28 ta ƙyanƙyashe 'ya'yan da ba nata ba.

A nan Kudu sai da iyayenmu suka sake dabara. Damina doguwa ce, akurkin laka yana jiƙewa, 'yan tsaki su mutu da sanyi. Sai aka koma ɗaga kwando a kan bulo, daga baya aka shiga kejin katako da waya. Shirwa dai tana nan kamar a gida, ga kuma ɓera da maciji.

Amma babban mai kisa ba shirwa ba ce. Cutar nan ce da ke zuwa da hunturu: kaza ta takure, ta saki fukafukai, ta yi zawo kore ko fari, wuyanta ya murɗe, cikin mako guda tsakar gida ta yi tsit. Likitocin dabbobi suna kiranta Newcastle, sunan wani gari a Ingila inda aka gane ta, bayan ta ɓulla a tsibirin Java a 1926. Abin da zai ba ku mamaki, rahoton farko da aka rubuta game da ita a Najeriya daga nan yankin Ibadan ya fito, a farkon shekarun 1950. Iyayenmu mata sun yaƙe ta da barkono da gautan kaji da ɓawon maɗaci a ruwan sha. Ba na raina ƙoƙarinsu, amma gaskiya ita ce cutar ba ta da magani in ta kama, sai rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, ta daɗe tana yin wannan rigakafin. Manyan gonaki suka rungume shi, mai kaza goma a lungu kuwa ba a cika tunawa da ita ba.

Daga shekarun 1970, musamman bayan shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976, kajin gidan gona suka cika gari, Ibadan ta zama cibiyar ƙyanƙyasar 'yan tsaki da ake kaiwa har Kano da Maiduguri. Da yawa a cikinmu sun gwada. Sun ga ƙwai da nama, amma sun ga kuma kazar da ba ta san kwanci ba, wadda in abincin buhu ya yanke sai ta lalace. Shi ya sa ta gida ba ta ɓace ba.

Sai 2006. A watan Fabrairu aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko da wannan nau'in ya shiga kaji a Afirka. Kafin a farga ta kai Kano da Filato, ta gangaro Legas. Aka riƙa kashe kaji ana binnewa, gwamnati ta sa diyyar naira 250 kan kowace kaza. Wanda ya ga lokacin ba zai manta ba: mutane suka ƙaurace wa nama da ƙwai, 'yan uwanmu masu sayar da kaji da masu fiɗa suka zauna ba ciniki, wasu mata suka ɓoye kajinsu a ɗaki don tsoron ma'aikata. A farkon 2007 wata budurwa mai shekara 22 ta rasu a Legas sanadiyyar cutar. Ta sake dawowa a 2015, a Kano da Legas.

To, mu koma kan kwandon. A ganina, in ka bi tarihin annobar nan biyu, hanyarsu zuwa tsakar gida ɗaya ce: baƙuwar kaza. Wadda aka sayo a kasuwa da araha saboda mai ita ya ga ta fara takurewa, ko wadda aka riƙo tsaraba ta kwana a mota da wasu ɗari. Ni kaina na taɓa sayo zakara ana jibi Sallah na sake shi cikin kajin maiɗakina. Sha bakwai ne, uku suka tsira, kuma har yau in an yi zancen sai ta harare ni.

Don haka duk wanda ya shigo da sabuwar kaza ya keɓe ta mako biyu kafin ya haɗa. Wadda ta mutu da kanta a binne ta da zurfi, kada a jefa a kwata, kada kuma a yi saurin yanka marar lafiya a kai tukunya. In kaji suka zube da yawa a rana ɗaya, a sanar da likitan dabbobi. Rigakafin Newcastle ana ɗiga shi a ido ko a zuba a ruwan sha, ana maimaitawa bayan wata uku ko huɗu, amma kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, kuma in an buɗe ba ta kwana. Gidajen da ke son a haɗa su a sayo tare su ba ni sunayensu bayan sallar Juma'a.