Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Mazda MX-5 Ta Mamaye Filayen Tsere

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da masu son su karanta a natse.

Yau tarihin mota za mu taɓa. A Amurka da Ingila da Japan akwai ranakun da ake buɗe filin tseren motoci ga kowa, ka biya kuɗi, a duba motarka, ka shiga ka zagaya. In ka je irin wannan rana kana zaton Ferrari da Lamborghini za ka tarar. E, za ka ga ɗaya ko biyu. Amma wadda za ka yi ta cin karo da ita wata 'yar ƙaramar mota ce mai kujera biyu, ta haura shekara 30, fitilunta na ɗagowa sama kamar idon kwaɗo. Sunanta Mazda MX-5, a Amurka kuma Miata. Ƙarfin injinta bai kai na Corolla 'yar 2005 mai inji 1.8 da muke gani a titunanmu ba. To ya aka yi tsohuwar mota mai ƙaramin inji ta zama uwar ɗakin masu tsere? Sai mun koma baya kaɗan.

Daga titi zuwa fili

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka da suka zauna a Ingila sun koma gida da sha'awar wasu ƙananan motoci marasa rufi, musamman ƙirar MG. Motocin ba su da wani gudu na a zo a gani, amma ba su da nauyi, kuma suna shan kwana da daɗi. Mutum zai je aiki da motarsa Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar ya liƙa mata lamba ya shiga tsere, ranar Lahadi ya kwanta a ƙarƙashinta da sifana. Ƙungiyar masu irin waɗannan motoci, SCCA, an kafa ta tun 1944.

A ina suke tseren? A kan titi, cikin gari. A 1948 aka fara tsere a titunan wani ƙaramin gari mai suna Watkins Glen a jihar New York, jama'a na tsaye a bakin hanya suna kallo. Abin ya yi farin jini, kowace shekara taron na ƙaruwa. Sai a 1952 wata mota ta kauce ta shafi 'yan kallo, yaro ɗan shekara 7 ya rasu, wasu suka jikkata. Daga nan aka fitar da tseren daga cikin gari, zuwa 1956 an gina masa fili na dindindin. Ku riƙe wannan labarin, za mu dawo kansa.

Yadda ƙananan motocin Ingila suka mutu

Shekarun 1960 su ne ganiyar waɗannan motoci. MGB ta fito a 1962, aka ƙera sama da 500,000. A shekarar ce kuma Lotus Elan ta fito, wadda mai kamfanin, Colin Chapman, ya gina a kan aƙidarsa ta rage nauyi kafin ƙara ƙarfi. Sai dai motocin suna da hali. Ɗigar baƙin mai, matsalar wayoyin lantarki, rufin da ke yoyo in ana ruwa. Mai irin wannan mota dole ya zama rabin makanike.

Shekarun 1970 suka zo da tsadar man fetur ta 1973, da tsauraran dokokin hayaƙi da na kariya a Amurka, ga yajin aiki da rashin jari a masana'antun Ingila. A 1980 aka rufe masana'antar MG da ke Abingdon, Triumph Spitfire ma ta tsaya a shekarar. Kowa ya ɗauka an yi jana'izar ƙaramar mota marar rufi mai araha.

Mahayi da doki

A ƙarshen shekarun 1970 wani ɗan jaridar motoci Ba'amurke mai jin Japananci, Bob Hall, ya zauna da Kenichi Yamamoto, shugaban sashen bincike na Mazda a Hiroshima. Aka tambaye shi wace irin mota ya kamata kamfanin ya ƙera. Shawararsa ita ce a dawo da irin motar nan ta Ingila, amma a yi ta da ingancin Japan, wato wadda za ta tashi duk safiya ba sai an tura ba. A 1981 Hall ya bar jarida ya kama aiki da Mazda a California. Kamfanin ya haɗa gasa tsakanin ma'aikatansa na Tokyo da na California, kuma a 1984 tsarin 'yan California ya yi nasara: inji a gaba, tayoyin baya ke tura mota.

Injiniyan da aka damƙa wa aikin, Toshihiko Hirai, ya ɗora shi a kan wata tsohuwar kalmar mahayan Japan masu harbi da baka a kan doki: jinba ittai, ma'ana mahayi da dokinsa su zama abu guda. Mu wannan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Duk wanda ya taɓa ganin jafi a hawan sallah, mahayi ya sako doki a guje ya zo ya tsaya cak a gaban sarki, ya san cewa abin ba a ƙarfin dokin kaɗai yake ba.

A watan Fabrairun 1989 aka baje motar a bikin nunin motoci na Chicago. Inji 1.6, ƙarfin doki 116, giya biyar, nauyi bai kai tan ɗaya ba, kuma an raba nauyin kusan daidai tsakanin gaba da baya. Farashi kusan dala 14,000. Aka yi rububinta. Samfurin farko kaɗai, daga 1989 zuwa 1997, an ƙera sama da 400,000. Ganin haka BMW ta fito da Z3, Mercedes ta fito da SLK, Porsche ta fito da Boxster. A 2000 littafin Guinness ya sanya MX-5 a matsayin motar wasanni mai kujera biyu da aka fi saya a tarihi, a watan Afrilun 2016 kuma aka ƙera ta miliyan ɗaya.

Da ta tsufa ne ta fi amfani

To ga inda labarin ya fi min daɗi. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 motocin farko sun zama na hannu, sun yi araha, kayan gyaransu ko'ina. Sai masu tsere a Amurka suka ƙirƙiro wani aji mai suna Spec Miata, wanda SCCA ta ɗaga zuwa matakin ƙasa a 2006. Dokar ajin mai sauƙi ce, kuma mai tsauri. Kowa zai zo da tsohuwar Miata, daga 'yar 1990 zuwa 'yar 2005. Kowa zai sa shokoba da sifirin iri ɗaya, taya iri ɗaya. Inji ba a yarda ka yi masa wani babban sauyi ba. Masu inji 1.8 ma ana sa musu wani faranti da ke rage iskar da ke shiga injin, a kuma ƙayyade nauyin kowace mota, don kada su fi masu 1.6.

Kun ga abin da wannan ya haifar? An rage wa kuɗi tasiri. Ɗan mai kuɗi da malamin makaranta mota kusan iri ɗaya suke ja. Abin da ya rage shi ne wa ya fi kula da motarsa, wa ya fi iya tuƙi. Shi ya sa ajin ya zama cikin mafiya cika a tseren masu sha'awa a Amurka, motoci gommai suna bin juna bamba da bamba.

A cikin shekarun nan masu wannan mota sun tara ilimi kan yadda ake shirya tsohuwar mota don fili, kuma jerin da suke bi ya saɓa wa tunanin yawancin samari.

Na farko, jiki. Kafin a sayi komai ana shiga ƙarƙashin mota a nemi tsatsa. MX-5 tana da ƙananan hanyoyin da ruwan rufi ke bi ya fita, in suka toshe ruwan ya taru a ƙasan ƙofa ta wajen tayar baya, ƙarfen ya ruɓe daga ciki. Motar da ƙashinta ya ruɓe, duk abin da ka ɗora mata asara ne.

Na biyu, birki. Man birki yana shan danshin iska a hankali. Sabon mai samfurin DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Selsiyos, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. A cikin gari ba za ka taɓa lura ba. A fili kuwa, inda kake take birki da ƙarfi a kowace kwana, man zai tafasa, ka taka ka ji feda ta tafi ƙasa fayau, mota ba ta tsaya ba. Don haka ake zubar da tsohon mai gaba ɗaya, a sa fad ɗin birki mai jure zafi, a duba tiyo da faifai.

Na uku, sanyaya inji. Lagireton motar yana da kan roba, in ka ga baƙin ya koma ruwan ƙasa to ya gasu, yana dab da fashewa. Ana canza shi tare da tiyoyin ruwa, da famfon ruwa, da tayimin bel, wanda ƙa'idarsa kusan kilomita 100,000 ce. Akwai kuma wani gado da injin ya zo da shi: asalinsa na Mazda 323 ne, inda yake kwance a gicciye. Da aka miƙar da shi a MX-5, sai ruwan ya zama yana shiga ta gaba yana fita ta gaba, silinda ta huɗu da ke can baya ta fi sauran ɗaukar zafi. Masu tsere da yawa sukan sauya hanyar ruwan ya fita ta baya. Motocin 1990 da farkon 1991 kuma ana duba bakin karanshaf ɗinsu, domin in ba a ɗaure kusoshin wurin daidai ba yakan cinye.

Na huɗu, ran direba. Mota marar rufi in ta kife, kanka ne rufin. Shi ya sa masu shirya ranakun fili da yawa ba sa barin ta shiga sai an kafa ƙarfen kariya a bayan kujeru. Har wani gwaji suke yi da sandar tsintsiya: a ɗora sanda daga saman ƙarfen zuwa saman gilashin gaba, kana zaune da hular kwano, in hular ta taɓa sandar ba ka ci ba. Masu tsere na sosai kuwa sai keji na ƙarfe gaba ɗaya, da bel mai kafaɗu, da abin kashe gobara.

Na biyar, ƙafafu. Robobin ƙafa da suka shekara 30 sun bushe, a canza su, a sa shokoba mai kyau, a daidaita tayoyi. Ita taya tana da ranar haihuwa a jikinta, lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta tsufa ko zanenta na nan ba ta kama ƙasa.

Sai bayan duk wannan, da kuma zagaye masu yawa tare da mai koyarwa a kujerar gefe, ake maganar turbo da ƙarin ƙarfi. Dalili kuwa a fili yake. Ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne a inji, ƙarin aiki ne ga birki da kulochi. In ka ɗora shi a kan tsohon lagireto da tsohon man birki, ka sayi hanyar isa wurin haɗari da wuri ne kawai.

Shi kansa kamfanin ya gane darajar tsofaffin. A 2017 Mazda ta fara karɓar samfurin farko a Japan tana sabunta su, ta kuma dawo da ƙera wasu kayan da suka ɓace a kasuwa, har da rufin da sitiyari da irin tayar asali.

Mu dawo gida

Na ce ku riƙe labarin Watkins Glen. Mu ma muna da samari masu son mota da gaske, kuma wallahi wasunsu suna da hannu. Muna ganinsu ranar ɗaurin aure ko yammacin Lahadi, ana wasan mota a kan titi, taya na hayaƙi, yara sun yi da'ira suna ihu, ba shinge, ba hular kwano. Sau da yawa kuɗin ya tafi a salansa mai ƙara da fenti da rim, man birki kuwa tun wanda motar ta zo da shi daga Kwatano. Kuma mun sha jin yadda irin wannan wasa ke ƙarewa, gidan biki ya koma gidan makoki.

Mutanen Watkins Glen sai da suka binne yaro kafin su gina fili. Sha'awar ba ta mutu ba, wuri aka sama mata, da doka, da mai duba mota kafin ta shiga. Daga irin wannan tsari ne aka samu ajin da matashi mai ƙaramin albashi zai yi tsere da tsohuwar mota ya koma gida lafiya. Masu wasan mota a garuruwanmu za su iya haɗa ƙungiya su nemi fili killatacce daga hukuma, su sa wa kansu dokar duba birki da taya da hula. Makanikanmu da ke tayar da motar da Turawa suka yar ba za su gaza wannan aikin ba.

Kai kuma ɗan'uwa mai tsohuwar mota a gida kana mafarkin sa mata turbo, ga aikin wannan makon: buɗe bonet, dubi kalar man birkinka, sannan ka tsuguna ka karanta lamba huɗun da ke jikin tayarka.

Nan za mu dakata. Wanda ya amfana ya tura wa abokinsa mai son gudu. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya. Wassalamu alaikum.