Tarihin Ruwan Sha a Unguwar Briqueterie ta Yawunde

Birnin Yawunde, fadar gwamnatin Kamaru, yana samun damina biyu a shekara, kuma ruwan da ke sauka a cikinsa yakan kai milimita 1,500. Duk da haka, mazauna Briqueterie, tsohuwar unguwar Hausawan birnin, sun daɗe suna fama da ƙarancin ruwan sha. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Unguwar ta samo sunanta daga wurin buga tubali da aka yi a can tun zamanin Jamusawa. Fatake daga arewa suka zauna a wurin, suka hayayyafa, baƙi suka yi ta ƙaruwa har gidaje suka cushe. A da, rafi da rijiya sun wadatar. Da jama'a ta yi yawa, sai masai ya matso kusa da rijiya, shara ta cika rafuffuka, ruwan ƙasa ya gurɓace.

Daga nan aka koma dogaro da famfo. A 1967 gwamnati ta kafa kamfanin ruwa na ƙasa, SNEC, a shekarun 1980 kuma aka fara jawo ruwa daga kogin Nyong ta tashar Akomnyada. Amma birnin ya riga bututu saurin girma. An kafa Camwater a 2005, aka damƙa rabon ruwa ga kamfanin CDE a 2008, aka karɓe shi a 2018, famfo bai daina ɗaukewa ba.

A tsawon wannan lokaci magidanta sun jingina da ruwan sama. Da hadari ya haɗo, sai a jera duro da bokiti a ƙarƙashin indararo. Ruwan farko akan bar shi ya wanke ƙurar kwano, na bayansa a tara don wanki da alwala. Sai dai duro ba ya kai gida ƙarshen rani, wanda ke farawa a Disamba har cikin Fabrairu. A watannin nan mata da yara ne ke bin layi da jarka.

A 2024 aka buɗe aikin jawo ruwa daga kogin Sanaga, mai iya ba da lita miliyan 300 a kullum. Amfaninsa ga Briqueterie ya rataya ne ga gyaran tsofaffin bututun da ke ratsa lungunanta, domin ruwan da bai iso ƙofar gida ba, bai kashe ƙishirwar kowa ba.