Wa Ya Sauke Ka? Tarihin Rajistar Baƙo Daga Zango Zuwa Ofis

Da aka nemi in rubuto wani abu a shafin tarihi na wannan fitowa, sai na tuna da abin da ya same ni a 2017, lokacin da aka tura ni kwas na wata shida a ƙasar Jamus.

Dokar ƙasar ta ce duk wanda ya tare a sabon gida, baƙo ne ko ɗan ƙasa, tilas ya je ofishin hukumar garin ya rubuta adireshinsa cikin mako biyu. Na ɗauki fasfo na tafi, ina ganin na gama shiri. Ma'aikaciyar ta duba ta maido mini, ta ce saura takarda ɗaya, wato shaidar mai gidan da nake haya da sa hannunsa, wadda aka wajabta tun Nuwamban 2015. Mai gidan kuwa ya yi tafiya. Kwana tara na yi ina jiransa, guzurina yana ƙarewa, bankin da na je kuma ya ce ba zai buɗe mini asusu ba sai da takardar rajista. A wannan zaman jira ne na gane tambayar da aka yi mini tsohuwa ce. Ita ce wadda kakanninmu suke yi wa baƙo: wa ya sauke ka?

Mu da muka tashi a Tsamaye mun san tsarin. In baƙo ya iso gari, sai a kai shi wurin mai unguwa ko dagaci, ya faɗi inda ya fito da abin da ke tafe da shi, a ba shi masauki. Daga ranar nan mai masauki ne littafinsa. In ya ci bashi shi za a tambaya, in akuya ta ɓace shi zai tsaya masa, in ya rasu shi zai yi masa sutura ya aika wa danginsa. Wannan tsari ne fatake suka tafi da shi hanyar Gwanja wajen fataucin goro. A zangon Kumasi da Sabo na Ibadan akwai sarkin Hausawa da masu gidaje, waɗanda suke sauke fatake, su adana musu kaya, su haɗa su da dillalai, su kuma lamunce su wurin bashi. Babu tambari, babu lamba, amma kowa da wanda ya san inda yake kwana.

Mu Gobirawa abin ya zo mana da wata fuska. Bayan Alƙalawa ta faɗi a 1808, da yaƙin Gawakuke na 1836, wasu daga cikin gidan sarauta suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya dawo yamma ya kafa Sabon Birni. Da Ingila da Faransa suka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, sai Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila. Wa da ƙane suka wayi gari kowa baƙo ne a garin ɗan uwansa, a takarda ke nan, domin a zahiri ba wanda ya fasa zuwa suna ko cin rani. Rajistar da Turawa suka damu da ita a lokacin ita ce ta haraji. Mutane da yawa sun tsallako daga ɓangaren Faransa don gudun aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946, kuma da malamin haraji ya rubuta sunan mutum ƙarƙashin wani dagaci, shi ke nan ya zama ɗan gari.

Ranar da takarda ta nuna ƙarfinta ita ce 18 ga Nuwamba, 1969, lokacin da gwamnatin Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya fice. Kawuna yana cikinsu. Ya shekara ashirin da wani abu a Kumasi yana harkar goro, ya yi aure can, ya gina ɗakuna, kowa a zango ya san ƙofarsa. Amma ba sunansa a littafin hukuma, domin bai taɓa jin akwai bukata ba. Ya sayar da ɗakunan a wulaƙance, ya dawo Tsamaye da iyalinsa a bayan babbar mota. Har ya rasu, in zancen ya taso sai ya ce mini, "Ɗana, sarkin zango ya rantse ya san ni, suka ce su takarda suka sani."

Kada mu yi saurin zargin Gana. A 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar da ta ba ɗan yankin damar shiga wata ƙasa ya zauna kwana 90 ba biza. Duk da haka, ranar 17 ga Janairu, 1983, gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda wa'adi, shi ma mako biyu. An fi tuna mutanen Gana, waɗanda kusan miliyan ɗaya suka fita, amma akwai 'yan Nijar masu yawa a ciki. 'Yan ajinmu za su tuna yadda motoci suka riƙa wucewa arewa shaƙe da tabarmi da tukwane. A ganina wannan shi ne abin kunya mafi girma a tarihin iyakarmu, domin cikin waɗanda aka kora har da masu tsagar Gobir irin tamu. A shekarar da ta biyo baya gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986. Ita kuwa Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Shi mai gidan nawa na Jamus ya dawo ana saura kwana biyu wa'adi ya cika. Ya sa hannu a tsaye bakin ƙofa, bai ko tambaye ni daga wace ƙasa nake ba. Washegari cikin minti goma aka buga mini tambari. Takardar tana nan cikin akwatina a Tsamaye, tare da ɗan makullin ɗakin kawuna na Kumasi.